Ƙanƙara a Tsakiyar Faten Acca

Chidi mai kayan wuta na gwanjo a Sabon Tasha ya cuce ni, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da cutar ta fito fili ba. Ya sayar min da maikirowef, injin ɗumama abinci, babu farantin gilashin nan da ke juyawa a ciki. Da na ga gurbinsa na tambaya, sai ya ce, "Oga, wannan ado ne kawai. Turawa sun cika son ƙawa." Ni kuma da ko sakandare ban gama ba, na gyaɗa kai kamar na san komai.

Murna fa ba a magana. A kan cinya na riƙo shi a Keke har Unguwar Boro, ina ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Asabar ɗin nan zumuntar maza ta cocinmu a gidana za ta zauna, kuma ranar za a zaɓi mai kula da abinci da baƙi. Shekara da shekaru aikina jera benci, masu takardu su zo su zauna. Na ce bana sai sun san ni ma na waye.

Maman Rifkatu, matata, ta tafi jana'iza Zonkwa, amma ta bar min faten acca cike da babbar roba a firiza, ya daskare kamar bulo. Maƙwabciyarmu ta ce in kawo ta ɗumama min a murhu. Na ce, "Maman Joy, an wuce zamanin hayaƙi a gidan nan." (Har yau in mun haɗu a bakin famfo sai ta tambaye ni lafiyar zamani.)

A falo na ajiye injin, saman tebur, don kowa ya gani. Maza suka cika. Na juye bulon a kwanon tangaran, na danna, fitila ta kama, injin ya fara kuka. Wani ya ce, "Kai, mutumin nan ya haye!" Kaina ya yi girma. Da ya yi ƙara na buɗe, tururi ya tashi, gefen kwano na tafasa. Ban juya ba, ban taɓa ba, ban jira ba. Na ɗauka kai tsaye zuwa gaban Baba Yakubu, dattijon ikilisiya, domin a wurinmu babba ne ke fara ɗiba.

Baba ya yi addu'a mai tsawo, har ya gode wa Allah saboda hikimar da ya ba 'yan Adam. Na amsa amin da ƙarfi fiye da kowa. Malam Bulus, wanda muke neman kujerar tare, bai jira Baba ba, ya ɗebi gefe ya kai baki, ya zabura yana fifita harshe da hannu. Baba kuwa ya kai cokali tsakiya, sai muka ji ƙwas! Ya sake gwadawa. Ya ɗago wani dunƙule fari, da ganyen yakuwa a daskare a ciki, ya juya shi a gaban tabarau.

"Ɗana," in ji shi, "wannan fate ne ko ƙanƙarar saka lemo?"

Falo ya fashe. Wani har da faɗowa daga bencin da ni na jera da hannuna. Na ce a bari in mayar, Baba ya ce a'a, cikinsa ya tsufa da gwaji. Biredi da lemo aka aika aka sayo. Da aka zo zaɓe, Malam Bulus ya ci, da ƙonannen harshensa. Ni an ce in ci gaba da benci tunda na ƙware.

Da matata ta dawo ta ji labari, ba ta ko yi dariya ba, wannan ya fi min ciwo. Ta ce, "Ko a murhu akwai wanda ke ɗora abinci bai juya ba? A bari ya narke tukuna, a rufe, a tsaya a gauraya, a duba tsakiya. Abin da ya kwana in bai yi zafi har ciki ba, gudawa kake raba wa mutane." Na koyi darasi: tururi a sama ba shaida ba ne, sai cokali ya shiga ciki.

Litinin na ɗauki injin da sauran faten da na sake daskararwa na koma Sabon Tasha. Chidi na ganina ya washe baki, "Oga, yaya maikirowef, e dey work? Yana aiki?" Na sauke injin, na saka faten a ciki. Na jona a shagonsa a gaban masu ciniki, na jira ya yi ƙara, na ajiye masa kwanon yana tururi, na miƙa masa cokali.

Na ce, "Chidi, kai ka ce farantin ado ne. To zauna ka ci. Kuma kada ka taɓa gefe, daga tsakiya za ka fara, ina tsaye a nan sai ka cinye."