Yaƙin Jatau da Kanarin Tsamiya

Wannan shi ne tarihin Jatau ɗan Nomau, jikan Barmo Mai Baka wanda aka ce ya taɓa daka wa kura tsawa ta saki akuya. Jatau gagara-badau, garkuwar gandun daji, mai gadin Kurmin Dogo, wanda ɓarayin itace ke jin tarinsa su yar da gatari.

A shekarar da Allah ya hore masa babur sabo fil, wanda zai ja ayarin ɗaurin auren ƙanensa ranar Juma'a, sai abokin gaba ya bayyana: wani kanari namiji da bai cika tafin hannu ba, mai sheƙa a tsamiyar ƙofar gida. Kullum da hantsi, in ya gama rera shelar cewa bishiyar nan mulkinsa ce, sai ya dira kan madubin babur, ya ga wani kanari na hararsa, ya far masa da sara da dukan fiffike, sannan ya buga farin hatiminsa a kan tanki.

Kwana uku Jatau yana gogewa da haƙuri irin na magabata. Ya yi wa babur hijira zuwa bayan gida, kanari ya bi shi. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa ta aiki, kanari ya zare zaren kafaɗarta ya kai sheƙa.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, kansa fa yake gani. Kifa wa madubin hula mana."

"Hular jikan Barmo? Miƙo mini danƙo!"

Ranar Alhamis sadauki ya yi ɗamara, ya zaɓi tsakuwa, ya laɓe bayan rumbu. Cinnaka ya cije shi sau biyu bai ko motsa ba, domin mazajen fama ba sa susa a fagen daga. Da maƙiyi ya sauka, sai ya ja danƙo har kunne, ya yi kururuwa: "Sai ni Jatau, guguwa mai karya kuka!"

Tas! Madubi ya tarwatse.

Kanari ya yi sama, ya dawo ya leƙa, ya tarar abokin hamayya ya ɓace. Ya haye ƙololuwar tsamiya ya saki waƙar nasara wadda ba a taɓa jin mai daɗinta ba a kurmin.

Jatau ya gyara murya. "Kin gani ko? Ya gudu."

Tabawa ta sunkuya da tsintsiya. "Na gani. Ɗaga ƙafarka, kana taka gilashi."