Ko Minna Ban Fita Ba

Wata uku ina tsara tafiyar: in hau duwatsun Jos, in gangara Kalaba in ga teku. Na bi Tudun Fulani gida-gida ina sallama da neman yafiya, kamar mai tafiya Makka.

Da katifa ta ƙi shiga but, sai na sauke safayar taya don katifar ta samu wuri.

Matata ta ce, "Baban Halima, tayar fa?"

Na ce, "Ke me kika sani a harkar mota?"

A Chanchaga tayar baya ta yi kaca-kaca. Kafin azahar mai keke ya sauke ni a gaban majalisar unguwa, rungume da katifata.

Har yau, ko daga masallaci na dawo sai an ce, "Sannu da hanya! Ya ka baro teku?"