Ranar da Na Yi wa Mai Gida Faɗa a Gidansa

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na kai surukina cin kifi a Abhur ba. Lokacin bai zama surukina ba tukuna, neman auren 'yarsa Samira nake yi, kuma duk abin da na yi a wannan shekarar don in burge shi na yi.

Ni direba ne a gidan wani Balarabe a Abhur, wata unguwa a bakin teku a arewacin Jidda. A shekarun nan wurin yana cika kamar ana hura shi. Filin da ka wuce wata guda baya babu komai sai rairayi da iskar teku, yau ka tarar da shagon sayar da kayan iyo, gobe gidan mai, jibi gidan abinci. Wasu ma ba gini suke yi ba, babban gida suke haya, su shimfiɗa darduma a tsakar gida, su fara gasa kifi tun kafin a kafa allon suna. Ni kuwa, saboda ina wucewa ta gabansu kullum, sai na ɗauki kaina masanin Abhur. (Gaskiyar magana, ban taɓa shiga ko ɗaya ba. A mota nake jiran masu gida, ina cin burodi da wake.)

Baba Idrisu, mahaifin Samira, haifaffen Jidda ne. Kakansa ne ya zo aikin Hajji daga Katsina ya zauna. Tela ne a unguwar Madain Fahd, mutum mara yawan magana, idan ya yi Hausa rabinta Larabci ne. Ni kuma Larabcina na bakin titi ne: dama, hagu, tsaya, yalla (mu je), halas (shi ke nan). Amma a gabansa nakan gyaɗa kai kamar ina fahimtar komai.

Wata rana ya ce ya daɗe bai ci kifin najil mai kyau ba. Kafin ya rufe baki na ce, "Baba, ai akwai wani sabon wuri a Abhur, babu kamarsa. Masu wurin sun san ni sosai. Ranar Juma'a zan kai ku."

Daga nan na ruga wurin abokina Sale, wani direba ɗan Maraɗi, na tambaye shi ko ya san wani sabon gidan kifi. Ya ce akwai, ba su ma sa allo ba. "In ka wuce sabon gidan mai, ka shiga dama. Farin gida ne mai shuɗiyar ƙofa. Ƙamshi ma zai kai ka."

Kafilina, wato Balaraben da nake wa aiki, ya ba ni aron tsohuwar motar gidan. Bayan sallar Juma'a na ɗauko Baba, na wuce gidan mai, na shiga dama. Ga farin gida, ga shuɗiyar ƙofa a buɗe, motoci sun cika layi, hayaƙin gashi yana tashi. Na dubi Baba na ce, "Kun gani ko? Kullum haka yake, cike."

Muka shiga. Darduma shimfiɗe a ƙarƙashin rumfa, maza zaune rukuni-rukuni. Wani saurayi ya tarbe mu da fara'a, ya zuba mana gahawa, ya miƙo dabino. Na ce a raina, lallai Sale ya san wuri. Na zaɓi kusurwar da iska ke kaɗawa, na gyara wa Baba matashi. Na lura yana kallon mutane, ya kalli bangon da ke ƙamshin sabon fenti, ya kalle ni. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya kurɓi gahawarsa.

Can gefe akwai wani dattijo mai tumbi, daga shi sai singileti da zane a ƙugu, yana fifita gawayi, gumi yana zuba. Na ɗaga hannu na yafito shi. Ya zo yana murmushi. Da ɗan Larabcina na ce ya kawo najil babba, da shinkafa, kuma ya yi sauri, don baƙona babban mutum ne. Ya ɗora hannu a ƙirji ya tafi.

Abinci ya ɗan jima. Na sake yafito shi, na nuna masa agogona. Baba ya ce a hankali, "Ya waladi, bar shi mana." Na ce, "Baba, ku ƙyale ni da su. Sabbin wuraren nan in ba ka nuna musu ba, raina ka suke yi."

Kifi ya zo, kuma wallahi ban taɓa cin irinsa ba. Da na yi shiru na ci, da an rabu lafiya. Amma ina so Baba ya ga ni mutum ne mai sanin abinci. Na tauna, na yamutsa fuska, na kira dattijon karo na uku. Na ce gishiri ya yi yawa. Na ce ya kira mini mai wurin.

Ya tsaya yana kallona. Na ɗauka bai gane ba, sai na ɗaga murya (kamar ƙarfin murya zai gyara Larabci), na maimaita. Rukunin da ke kusa da mu suka daina ci.

Dattijon ya goge hannunsa a zane, ya yi wata doguwar magana. Ban kama komai ba sai kalmar "baiti". Na juya wurin Baba.

Baba ya ajiye lomarsa, ya ce, "Ya ce shi ne mai gidan. Sunansa Abu Majid. Wannan makon suka tare, yau yake walimar sabon gida. Yana tambaya, kai abokin wane ne a cikin 'ya'yansa?"

Sai a lokacin idona ya buɗe. Babu teburin karɓar kuɗi. Saurayin da ya zuba mana gahawa kamarsu ɗaya da dattijon. Ga keken yara jingine da bango. Abin da ya fara zuwa raina shi ne iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar. Baƙon direba ya kutsa gidan mutane, ya zauna, ya yi wa mai gida tsawa a gaban baƙinsa. Waya ɗaya zai buga wa 'yan sanda ko kafilina, in tsinci kaina a jirgin Kano. Na biyu kuma Samira. Wa zai ba irina 'ya?

Na miƙe zan ba da haƙuri, Larabcin ya gudu gaba ɗaya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Halas, halas." Baba ya kama gefen rigata ya zaunar da ni. Ya yi wa Abu Majid bayani a natse, da Larabcin Jidda tsantsa. Ina kallon fuskar mutumin tana sauyawa. Ya fara da murmushi, sai tumbinsa ya soma rawa, har ya dafa ginshiƙin rumfa don dariya. Ya juya ya sanar wa jama'a, wuri ya ɗauka. Ashe gidan abincin yana layi na gaba, shi ma fari ne mai shuɗiyar ƙofa, ɗan kwangila ɗaya ne ya gina su. Abu Majid ya zaci 'ya'yansa ne suka gayyace mu, su kuma suka zaci baƙin babansu ne.

Ya hana mu tafiya. Ya ce wanda ya ci abincin gidansa ranar farko ya zama maƙwabci. Ya koma wurin gashi da kansa ya kawo wani kifin, ya ajiye a gabana, ya tsaya yana jira in ɗanɗana. Baba ya fassara: "Ya ce wannan bai sa gishiri ba ko kaɗan, ko ya yi wa ranka ya daɗe?" Na cinye shi tas, lami, ina murmushi, hawaye na neman zubowa.

A hanyar komawa na yi ta tuƙi har muka wuce unguwar Safa. Sannan na daure na ce, "Baba, tun yaushe kuka gane?"

"Tun daga ƙofa. Kowa yana ce wa mutumin mabruk, barka da sabon gida."

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Ka ce sun san ka sosai. Kuma ina so in ga inda za ka tsaya."

Na ce yanzu kam ya gani. Na shirya jin cewa in nemi wata.

Ya ce, "Na ga mutum mai cika baki. Amma da abin ya fashe ba ka ɗora wa kowa laifi ba, ba ka gudu ka bar ni ba, ka zauna ka cinye kunyarka. Cika baki Samira za ta gyara. Ka turo manyanka."

Sai da na tsaya a gefen titi na sauke numfashi kafin in iya ci gaba da tuƙi.

Tun daga ranar, in ban san abu ba, cewa nake ban sani ba, kuma har yau ba a taɓa kora ta daga ko'ina saboda haka ba. Abinci kuwa, ko a gidana aka cika masa gishiri, ruwa nake ƙara sha in yi godiya.