Sarkin Bakan Ƙurban da Ragon Dutse

Cikin duk Hausawan da suka zauna a Madina a ƙarshen shekarun casa'in, ba a yi maharbi kamar Duktur Sharfuddeen ba. Ya san bindigogi kamar yadda ya san ƙwayoyin da ke kan kantarsa. Ya san wadda Jamusawa suka ƙera da wadda Amurkawa suka kwaikwaya. Ya san nisan da kowane harsashi ke yi kafin ya fara sunkuyar da kai. Abu ɗaya tak ya rage masa a ilimin harbi, shi ne bai taɓa harba bindiga ba. Wannan ƙaramar magana ce, ba ta taɓa rage masa murya ba, mu ma masu sauraronsa ba ta hana mu gyaɗa kai ba.

Bazazzagi ne, mai haɗa magunguna a wata saidaliyya, wato kantin magani, da ke unguwar Ƙurban, kusa da masallacin Ƙuba. Mutanen Madina kan kira duk mai farar riga a bayan kanta da Duktur, shi kuma saboda tsabar kawaici ya shekara goma sha ɗaya bai gyara wa kowa ba.

Asalin maganar, wani Balarabe ne ya zo sayen maganin tari ya manta da mujallar farauta a kan kanta. Duktur ya buɗe, ya yi ido huɗu da ragon dutse: jan rago na daji, ƙahonsa ya lanƙwasa baya kamar lauje, gashi ya zubo masa daga maƙogwaro har gwiwa, yana tsaye a kan tsauni kamar shi ya gina shi. Duktur ya daɗe yana kallo. Ya ga kwarjini, ya ga ƙasaita, a taƙaice dai ya ga ɗan'uwansa. Daga ranar ya sa ake aiko masa da mujallu daga Jidda. Ya sayi falmaran mai aljihu goma sha huɗu da hula mai faɗin baki. A aljihun da aka yi don harsashi yake zuba maganin ƙwannafi.

Kowace Alhamis bayan la'asar mukan taru a wani ɗan lambu na haya a Al-Ranuna, mu 'yan Najeriya masu aiki a garin: likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a. Idan aka tara takardun digirinmu za su rufe tabarmar da muke zaune. Amma a cikinmu babu wanda ya taɓa ka da abin da ya fi zakara, shi ma zakaran sai an riƙe mana ƙafafu. A gaban irin wannan majalisa Duktur ke karatunsa. Mu muka sa masa Sarkin Baka, da zolaya. Ya karɓa da hannu biyu, har ya fara amsa waya da sunan.

"Jama'a," in ji shi, yana ɗaga yatsa, "ragon dutse ba barewa ba ne. Fatarsa kauri gare ta, kafaɗarsa kamar ƙofar gari. Kuma ba ya bari ka matso. Daga wannan tsauni za ka harbe shi a wancan, iska na kaɗawa a tsakani. To wane girman harsashi za ka ɗauka? Mai lamba ɗari biyu da arba'in da uku? Wannan na koyon hannu ne, sai dai ka yi masa susa. Ɗari biyu da saba'in? Ba laifi, ga talakan maharbi. Amma ni, bayan dogon nazari, na tsaya a kan magnum ɗari uku. Duk wanda ya ce maka tana da naushi a kafaɗa, kafaɗarsa ce ba ta ƙosa ba."

Mu kuwa sai mu ce, "Haka ne." Har wani injiniya a cikinmu ya zaro biro yana rubuta lambobin, Allah kaɗai ya san me zai yi da su.

Akwai wani dattijo da kan zauna a gefen tabarma, Baba Sa'id. A duwatsun Azbin aka haife shi, ya tako zuwa Hajji da mahaifinsa yana saurayi, ya zauna, ya zama ɗan ƙasa, ya tsufa yana tuƙa motar alhazai. Ɗansa Tahir, tsohon soja, shi ke kawo shi don ya ji Hausa. Wata rana aka tambayi dattijon ko ya taɓa ganin dabbar. Ya ce ya ci namanta ma. Su da bindigar adaka ɗaya suke fita, da karnuka biyu. Ya ce aikin duk na ƙafa ne: ka wuni kana hawa, ka kwanta a bayan dutse har ƙishirwa ta manne maka harshe.

Duktur ya yi murmushin tausayi. "Baba, Allah ya saka da alheri. Wancan zamanin jahiliyyar harbi ne. Yanzu kimiyya ake yi."

Dattijo ya ce, "To, ɗayyib," ya ci gaba da shan shayinsa.

A gida ne kimiyyar ta fara cin karo da jama'a. Uwargidansa Rabi'a ta shekara uku ba ta ga mahaifiyarta a Zariya ba, tsohuwa kuma ƙafa ta fara gaza mata. An yi da ita hutun bana can za a yi. Sai ga Duktur ya shigo da taswira, ya shimfiɗa a kan teburin cin abinci, ya sanar cewa bana Azbin za shi, Zariya sai baɗi. Rabi'a ta dubi taswirar, ta dubi mijinta.

"Abban Suhaila, kai da lif ya lalace kwana biyu ka ƙi sauka sallar asuba?"

"Wancan bene ne," in ji shi. "Dutse daban."

Ta naɗe taswirar ta ɗora tukunyar miya a wurin, idonta ya yi ja.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, Duktur na tsakiyar bayanin yadda magnum ke ratsa iska, sai Tahir ya ce, da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Ya Duktur, ina da gona can bayan Bi'ir Ali, a wajen haddin harami, inda ba a hana harbi ba. Ina da bindiga ƙarama da takardarta. Kuma abokina yana da wannan magnum ɗin taka, zai ara mini. Gobe Juma'a mu je ka gwada, halas."

Majalisa ta ɗauki kabbara. Duktur ma ya yi kabbara. Amma shi ya san abin da ya sani. Ya san rabonsa da ƙarar harbi tun ta sojojin fareti yana firamare, ranar ma sai da ya toshe kunne. Ya yi tunanin ya ce yana da aiki, sai ya tuna shi da bakinsa ya gaya mana Juma'a ba ya aiki. Ya yi tunanin zazzaɓi, sai ya ga likitoci huɗu suna kallonsa. Ya laluba aljihun harsashi ya haɗiye ƙwaya biyu.

Washegari bayan la'asar muka ɗunguma, mota uku. Muka wuce Bi'ir Ali, manyan motoci jere, masu Umra na fitowa daga masallaci cikin fararen harami suna talbiya. Duktur ya dube su ta taga, ya ji da ma shi ne a cikinsu, ko tururuwa ba a yarda ya kashe ba.

Gonar dabino ce 'yar ƙarama, bayanta baƙaƙen duwatsu. Tahir ya ɗora garwar man girki a kan wani dutse, taku ɗari daga inda muke. Ya miƙa wa Duktur ƙaramar bindigar, ya ce a fara da ita hannu ya saba.

Nan fa Duktur ya ga idanunmu. Wani sashe na zuciyarsa ya ce masa, Sharfuddeen, karɓi ƙaramar, ka rufa wa kanka asiri. Amma bakinsa ya riga zuciyar.

"Tahir, wanda ya saba da ingarma ba a ɗora shi a kan jaki. Kawo babbar."

"Ɗayyib. Amma ka danne ta sosai a kafaɗa. Kuma kada ka manna ido a madubin hange da ke kanta, ka bar tazara."

"Na karanta duk wannan."

Ya karanta kuwa. Sai dai mujallar ba ta faɗa masa bindiga na da nauyi haka ba, kuma bakinta na yawo kamar mai neman adireshi. Ya cire tabarau don kada ya fashe, sai garwar ta ɓace. Ya matsa ido don ya gano ta. Ya ƙara matsawa har ƙarfen madubin ya taɓa girarsa. Ya rufe ɗaya idon, sa'an nan, don tabbatarwa, ya rufe wannan ma. Ya ja.

Duniya ta tsage. Tattabarun gonar suka tashi gaba ɗaya. Da muka buɗe namu idanun, muka tarar da Sarkin Baka kwance rigingine, ƙafafu a sama, hula can gefe, jini na zuba daga gira, ƙwayoyin ƙwannafi warwatse a cikin yashi. Garwa na nan inda take, ko gezau.

Likitocinmu huɗu suka yi kansa. Ɗaya na mata ne, ɗaya na ƙananan yara, ɗaya na haƙori, na huɗun ya ce shi tun da ya koma koyarwa bai riƙe allura ba. Suna cikin muhawarar wanda abin ya fi shafa, Baba Sa'id ya tako a hankali, ya warware rawaninsa, ya danne ciwon da shi. Wani ya ce dattijo ya harba ya nuna mana yadda ake yi. Dattijo ya ce shi yanzu ko garwar ba ya hangowa, mu ɗauki mutum mu kai asibiti.

Ɗinki biyar aka yi masa. Kafaɗa ta kumbura ta yi shuɗi har ba ya iya ɗaga cokali. Da aka shigo da shi gida, Rabi'a ta yi salati, ta duba ta ga idon bai taɓu ba, ta yi hamdala har da hawaye. Sa'an nan ta hau kujera ta sauko da akwatunan tafiya Zariya. Duktur ya bi ta da kallo da ido ɗaya.

Kwana biyu bayan haka, muna gidansa, Baba Sa'id da Tahir suka zo dubiya da ledar dabino. Duktur na kishingiɗe, hannu rataye a wuya. Ya so ya fara bayanin cewa madubin ne ba a ɗaura daidai ba, sai ya ji shi kansa maganar ta gundure shi. Can ya ce, da wata murya da ba mu san yana da ita ba, "Baba, don Allah gaya mini gaskiya. Wace bindiga ce ta dace da ragon nan?"

Dattijo ya ƙare masa kallo tun daga gira har ƙafa.

"Ya Duktur, nauyinka nawa?"

"Kilo ɗari da goma sha biyu."

"To ai babban rago ma kusan haka yake. Ka yi gaskiya tun farko, wannan magnum ɗin ita ce daidai. Da idona na ga ta ka da mai nauyinsa da harsashi ɗaya." Ya ɗauki dabino ya ɓare. "Abin da ya rage kawai, a samu wanda zai lallashi ragon ya riƙe ta ya harba."