Ranar da Kujera ta Riƙe Surukina

Ba zan taɓa mantawa da koren fentin nan ba, har yau in na ji warinsa sai na tuna da surukina. A daminar shekarar da muka sami mulkin kai ne. Turawa suna ta tattara nasu ya nasu, ni kuma ɗan akawun da bai mallaki komai ba sai keke, aka yi mini ƙarin girma, aka ba ni gidan da wani Bature ya tashi a unguwar Nassarawa. Kaina ya kumbura har hula ta nemi ta ƙi zama.

Sai dai akwai matsala. An ɗaura mana aure da Hajara, amma mahaifinta, Alhaji, wani dattijon ɗan kasuwa a cikin birni, ya ce 'yarsa ba za ta tare a unguwar da babu zaure, babu maƙwabciyar da za a aro gishiri ba, sai ya zo ya gani da idonsa. Ya ce ranar Lahadi yana tafe.

Kujerun da Baturen ya bari na katako ne, duk sun koɗe. Da mai hankali ne da sai ya shimfiɗa tabarma kawai. Ni kuwa naɗe tabarmin na yi na ɓoye a sito (wai kada a ce babban ma'aikaci bai waye ba). A siton na tarar da gwangwani biyu, ɗaya fentin ruwa, irin wanda ke bushewa kafin ka gama wanke hannu, ɗaya fentin mai, mai sheƙi. Ƙananan kujeru na shafa musu na ruwa. Babbar kuwa, mai hannu, wadda na ware wa Alhaji, na ce ta manya ce, sai mai sheƙi. Na lafta mata shi kamar mai yaɓen ɗaki, shafi kan shafi, duk don girmamawa. Da safiyar Lahadi na taɓa da yatsa na ji ya bushe. Ashe fata kawai ya yi a sama kamar kunun da ya huce, ƙasan yana nan ɗanye.

Alhaji ya iso cikin farar babbar riga sabon bugu, tare da ƙaninsa, Baba Sule. Alhaji ya waiwaya dama da hagu ya ce, "Babu tabarma ne?"

"Babu, Baba. Ga kujera, don kai aka gyara ta."

Baba Sule ya shafa tasa ya ce, "Wa ya yi maka wannan aiki haka?" Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Ni da hannuna."

Suka zauna. Na durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, yadda ake yi a gaban suruki. Da yake kaina a ƙasa yake, ni na fara gani: kore yana tsattsafowa ta tsakanin katakon kujerar Alhaji, yana ɗiga a siminti. To, yadda aka rene mu, ba ka ɗaga ido ka dubi surukinka, balle ka ce masa ya tashi, balle kuma ka ambaci wurin da abin ya kama shi. Sai na ƙara sunkuyar da kai.

Shi ma fa ya ji. Na ga ya ɗan muskuta, rigar ta ƙi biyo shi, sai ya koma ya zauna daram. Dattako ya hana shi magana, kunya ta hana ni. Haka muka yi ta gaisuwa, ina gajiya, yaya ruwa, yaya aiki, in mun kai ƙarshe mu dawo farko. Gumi kuwa har cikin kunnena.

Baba Sule, wanda tasa kujerar ta bushe sarai, shi ya ɓallo ruwa. Ya leƙa waje ya ce, "Yaya, la'asar fa ta yi."

Alhaji ya yi bisimilla ya miƙe, kujera ta miƙe tare da shi. Ta ɗan bi shi kafin ta sake shi da wata ƙara kamar an keta yadi. Bayan farar rigar nan ya koma layi-layi, kore shar, tun daga kafaɗa har ƙasa. Baba Sule ya yi salati, sannan tari ya kama shi, ya fita waje (ni dai na san ba tari ba ne). Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya tuɓe rigar a natse, ya ninke ta. Ni kuma don ruɗewa na ruga sito na kwaso masa abin salla. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Ashe akwai tabarmar."

Na riga na cire rai da tarewa. Da za su tafi, bai kalle ni ba, ƙaninsa ya yi wa magana: "Sule, ka gaya wa mata su kawo yarinyar nan ranar Juma'a. Mutumin nan bai kamata a bar shi shi kaɗai a gida ba."

Haka na sami matata, ba don wayewa ba, don tausayi. Har Alhaji ya koma ga Allah, in zai zo gidana da buzunsa yake zuwa a hammata. Ni ma na ɗauki darasi: in babba ya tambaye ka tabarma, ka ba shi tabarma.