Rasuwar Mai Sanda Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da ƙurar alli, Tabawa Jibo 'yar aji shida a wata lakol ta ƙasar Gangara na sanar da rasuwar masoyinta, zanen nan da yara ke kira Mai Sanda Shida. Ya cika ranar Litinin, yana da shekara huɗu a garin.

Kowa ya san surarsa: sanda uku a sama, uku a ƙasa, a haɗa su a karkace, a yi masa tsini kai da gindi, sai ga harafin S ya tsaya da kwarjini. A kayen wani ɗan Damagaram, wato littafinsa na rubutu, ya iso a 1975, bai nemi masauki ba, ko'ina ya samu sai ya kwanta. Mai haƙuri ne, bai taɓa tona asirin wanda ya zana shi ana darasin lissafi ba. Duk maganarsa a duniya ba ta wuce "ƙiii, ƙiii" a kan allo ba.

Son girma ne ajalinsa. Tabawa ta ga bango ya yi masa kaɗan, sai ta ɗora shi da ragowar lallenta a cinyar farin maraƙin daraktan lakol, Mushe (wato Malam) Dodo. Ya yi kyau kam, a faɗi gaskiya. Da darakta ya kai maraƙin kasuwar Belbeji, dillalai suka ɗauka shaidar wuta ce ta wani makiyayi. Suka zaunar da bawan Allah har la'asar, ana kiran Buzaye da Fulani ɗaya bayan ɗaya su duba ko nasu ne aka sato.

Ya dawo da maraƙinsa, ya yanke hukunci: muddin zanen nan ya rage ko guda a lakol, sunan Tabawa ba zai shiga jarrabawar sartifika ba. Ta yi kuka ƙwarai, ta kuma zaɓi jarrabawa.

Marigayin ya bar 'ya'ya a bangon aji, jikoki a bayan kaye, da wani gurgun ƙane a ƙofar makewayi wanda tun asali ba a gama shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Tabawa ce mai wanka, da bokitin farar ƙasa. Masu gaisuwa su bar alli a gida. Wanda kuma ya ɓoye maraya a ƙarƙashin teburinsa, don Allah ya fito da shi, Mushe Dodo ya ce har can zai durƙusa ya leƙa.