Na Riga Gari Yin Sallah

Ana saura mako azumi ya ƙare, na jera tallace-tallacen gidan abincin Kawu da ke Mabera a Fesbuk, kowanne da ranar da zai fita da kansa. Ni kaɗai na yanke wa wata hukunci: ashirin da tara za a yi. Na miƙe ƙafa abina.

Wata bai fito ba. Tallana kuwa ya fito da tsakar rana, gari na fama da ƙishi: "Barka da Sallah! A zo a ci tuwo da zafinsa." Har da hoton fura mai sanyi.

Kawu ya kira ni, murya a bushe: "Kai, ina kag ga wata?"

Har yau, duk ƙarshen azumi 'yan unguwa kan tare ni: "Malam, mu jira sanarwa, ko ka riga ka gani?"